Gwajin Orville Gibson a Kan Sassaƙar Mandolin: Waiwaye a Kan Tarihinsa

1.0 Gabatarwa

Mandolin wani ɗan ƙaramin abin kiɗa ne mai tsirkiya wanda ya yi fice a ƙasashen Turai da Amurka. Tsirkiyoyinsa takwas ne na ƙarfe, an jera su bibbiyu, kowaɗanne biyu suna fitar da sauti iri ɗaya, ana kuma kaɗa su da wani ɗan falle mai tauri da makaɗi ke riƙewa tsakanin babban yatsa da manuni. Ɗaurin sautinsa daidai yake da na gogen Turawa. Siffar da aka fi saninsa da ita a Amurka, wato mai sassaƙaƙƙiyar fuska da baya, ta samo asali ne daga gwajin da wani mutum guda ya yi da hannunsa a garin Kalamazu na jihar Mishigan, a ƙarshen ƙarni na 19. Sunan mutumin Orville Gibson.

Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin wannan gwaji, tun daga irin mandolin da Gibson ya tarar, da abin da ya sauya, har zuwa yadda ta kaya da aikin da kuma mai aikin. Za a nuna cewa ɓangaren da shi Gibson ya fi ɗauka da muhimmanci, har ya nema masa takardar haƙƙin ƙirƙira, shi aka fara yasarwa, sa'annan abin da ya ɗore sai da ya bi ta hannun wasu mutane kafin a san amfaninsa.

Domin sauƙin bayani, an ari sunayen da makaɗan Hausa ke bai wa sassan goge da garaya a inda suka dace. Ƙoƙo shi ne gangar jikin abin kiɗan. Fuska ita ce allon sama, wanda ke matsayin fatar da ake rufe ƙoƙon goge da ita. Jaki shi ne ɗan katakon da tsirkiyoyi ke hawa a kan fuska, wuya kuwa shi ne sandan da makaɗi ke danna tsirkiyoyi a kansa da yatsun hagu.

2.0 Mandolin Kafin Zuwan Gibson

Mandolin ɗan dangin wani tsohon abin kiɗa ne na Larabawa mai suna al-ud, kalmar da ke nufin itace. Wannan abin kiɗa ya shiga Turai ta Andalus da tsibirin Sisili, kuma a Andalus sunan Ziryab, makaɗin da ya isa birnin Ƙurɗuba a shekarar 822, shi ya fi shahara dangane da shi. Daga kalmar Larabcin ne Turawa suka sami sunan nasu abin kiɗan da Ingilishi ke kira lut, daga ƙananan 'yan wannan dangi kuma mandolin ya fito. Abin da duk suka yi tarayya a kai shi ne ƙoƙo mai zurfi kamar rabin duma. Ba fafe shi ake yi ba. Siraran tsage-tsagen katako ake lanƙwasawa da zafi, a manna su gefe da gefe har ƙoƙon ya haɗu, kuma a mandolin masu tsada tsage-tsagen kan haura talatin.

A tsakiyar ƙarni na 18 ne masassaƙan birnin Napoli na Italiya, musamman iyalin Vinaccia, suka daidaita mandolin mai tsirkiya takwas. Fuskarsa shimfiɗaɗɗiya ce, sai dai akan ɗan karya ta a bayan jaki domin ta jure nauyin tsirkiyoyi, a kuma tokare ta daga ciki da 'yan sanduna na gicciye. Wajen shekarar 1835 Pasquale Vinaccia ya ƙara masa ƙarfi, ya sa masa tsirkiyoyin baƙin ƙarfe da makullai masu haƙora na ɗaure su. Manyan mawallafan kiɗa sun yi amfani da shi: Mozart ya sa shi a wasan waƙarsa na Don Giovanni a 1787, Beethoven kuma ya tsara masa wasu gajerun kiɗe-kiɗe a 1796.

Wani abin lura a nan shi ne, sassaƙar gogen Turawa da ta mandolin sun daɗe suna zaune a ƙasa ɗaya ba tare da ɗayarsu ta ari tsarin 'yar'uwarta ba. Shi kansa Antonio Stradivari, wanda babu kamarsa a sassaƙar goge, ya yi mandolin, akwai ma ɗaya na shekarar 1680 da ke ajiye a wani gidan tarihin kayan kiɗa a jihar Dakota ta Kudu. Duk da gwanintarsa wajen sassaƙa fuska mai tudu, da ya zo yin mandolin sai ya bi tsarin gado na ƙoƙo mai tsage-tsage da shimfiɗaɗɗiyar fuska.

A Amurka kuwa, farin jinin mandolin ya soma ne a shekarar 1880, lokacin da wata ƙungiyar makaɗa daga Sifen ta sauka birnin Niyok ta burge jama'a. Abin da suke kaɗawa banduriya ce, wata 'yar'uwar mandolin, amma da wasu 'yan Italiya mazauna birnin ƙarƙashin Carlo Curti suka kwaikwaye su, sai suka yi amfani da mandolin da suka saba da shi. Kafin ƙarshen ƙarnin, kamfanoni irin su Lyon & Healy na Shikago suna ƙera mandolin mai ƙoƙo da yawan gaske. Yana da nasa naƙasu: ƙoƙon kan zame daga cinyar makaɗi, mahaɗan tsage-tsagen kan buɗe idan yanayi ya sauya, amonsa kuma ba ya cika babban zaure.

3.0 Orville Gibson da Gwajinsa

An haifi Orville Gibson a shekarar 1856 a yankin Chateaugay, can arewacin jihar Niyok. Ya ƙaura zuwa Kalamazu tun yana saurayi, inda ya yi aiki a kantin takalma da kuma gidan sayar da abinci. Yana kiɗa, yana kuma sassaƙa a lokacin da ya tashi daga aiki. Mafi tsufa cikin kayan da aka tabbatar na hannunsa ne yana ɗauke da shekarar 1894, kuma shi ma gwaji ne, domin abin kiɗa ne mai tsirkiya goma wanda ya haɗa siffar mandolin da ta jita. A watan Mayu na 1895 ya shigar da takardar neman haƙƙin ƙirƙira, aka kuma ba shi a ranar 1 ga Fabrairu, 1898, da lamba 598,245. Ita kaɗai ce irin wannan takarda da ya taɓa samu.

3.1 Tunanin da Ke Bayan Gwajin

Hujjar Gibson a cikin takardar tana da sauƙin fahimta. A ganinsa, duk katakon da aka lanƙwasa da ƙarfi yana nan a takure, yana neman komawa yadda yake, don haka ba zai kaɗa yadda ya kamata ba idan tsirkiya ta motsa shi. Haka kuma yawan manne-manne da sandunan tokara da dunƙulallun katakon da ake sawa a ciki duk suna cinye amo. Maganin wannan a wurinsa shi ne a rage yawan sassa iyakar iyawa, kuma kowane sashe a sassaƙo shi daga katako yadda zai zauna da siffarsa ba tare da an tilasta shi ba.

Daga wannan tunani abubuwa uku suka fito. Na farko, zagayen gefen ƙoƙo da wuya an yanko su ne daga dunƙulen katako guda, babu mahaɗi a tsakaninsu. Na biyu, an rarake gindin wuyan domin iskar da ke cikin ƙoƙo ta ƙara samun wuri, bisa zaton cewa hakan zai ƙara amo. Na uku, fuska da baya an sassaƙo su daga katako mai kauri, aka ba su tudu a tsakiya irin na gogen Turawa. Da haka zurfin nan na rabin duma ya kau, mandolin ya koma mai faɗi, wanda ke kwanciya a jikin makaɗi.

3.2 Yadda Fuska Mai Tudu Ke Aiki

Tsirkiyoyi takwas na ƙarfe idan aka ɗaure su tamau suna danna jaki, jaki kuma ya danna fuska. Shimfiɗaɗɗen allo siriri ba zai jure wannan nauyi ba sai da tokara, shi ya sa masassaƙan Napoli ke karya fuskar suna kuma jera mata sanduna. Allo mai tudu kuwa yana rarraba nauyin zuwa gefe, kamar yadda bakan gizo ke ɗauke nauyin rufin soro ya sauke shi a kan bango. Saboda haka ana iya rage tokarar ciki ƙwarai, a bar fuskar ta kaɗa gaba ɗayanta. Wannan ilimi ne da masassaƙan goge suka daɗe da shi. Sabon abin da Gibson ya yi shi ne ɗauko shi ya ɗora a kan abin kiɗan da ake kaɗawa da falle.

Ya fitar da siffofi biyu waɗanda har yanzu da su ake rarrabe mandolin na wannan tsari. Akwai samfurin A, mai siffar ɗigon ruwa ba tare da ado mai yawa ba, da samfurin F, mai wata naɗaɗɗiyar sassaƙa a kafaɗa da 'yan tsinaye a gefe. Dukkansu ramin fitar amonsu mai siffar ƙwai ne a tsakiyar fuska. Yakan yi bayansu da gefensu da katakon walnot, yakan kuma ƙawata kan wuya da hoton tauraro da jinjirin wata.

3.3 Matsalolin Gwajin

Yanko gefe da wuya daga dunƙule guda yana da illa biyu. Ta farko ɓarnar katako, domin duk tsakiyar dunƙulen sai an fafe ta. Ta biyu rauni: ƙarfin katako yana bin tsawon jijiyarsa ne, to zoben da aka yanko daga allo dole a sami wuraren da jijiyar ta gitta shi a gajarce, nan ne kuma yake saurin tsagewa. Siririn katakon da aka lanƙwasa, wanda Gibson ya ƙi, jijiyarsa na bin zagayen ne daga farko har ƙarshe, don haka ya fi ƙarfi ya kuma fi rashin nauyi. Rarake wuya shi ma yana raunana wurin da ya fi ko'ina ɗaukar jan tsirkiyoyi. Bugu da ƙari, aikin na cin lokaci, mutum ɗaya da kayan sassaƙarsa ba zai iya biyan bukatar masu saye ba.

4.0 Daga Hannu Zuwa Masana'anta

A watan Oktoba na 1902 wasu mutum biyar na Kalamazu, cikinsu har da Sylvo Reams da Lewis Williams, suka kafa kamfani da sunan Gibson domin ƙera irin kayansa. Shi Gibson ba ya cikin waɗannan biyar. Ya sallama musu haƙƙin ƙirƙirarsa a kan dala 2,500, aka kuma ɗauke shi a matsayin mai ba da shawara da koya wa ma'aikata. Zaman bai yi daɗi ba. Ba a jima ba hukumar kamfanin ta yanke cewa a riƙa biyansa gwargwadon lokacin da ya yi aiki kawai, shi kuma ya sayar da ɗan hannun jarin da ya saya. Daga 1907 rashin lafiya ya yi ta kwantar da shi a asibiti, daga baya ya koma jihar Niyok, yana karɓar ɗan alawus daga kamfanin har ya rasu a garin Ogdensburg a 1918. Na wasu shekaru bayan ya janye, hoton fuskarsa ne ke jikin takardar da ake mannawa a cikin kowane mandolin na kamfanin.

Cikin 'yan shekarun farko kamfanin ya watsar da ainihin abin da ke cikin takardar 1898. Aka koma lanƙwasa gefe, aka riƙa yin wuya daban ana haɗa shi da ƙoƙo, aka daina rarake shi, aka kuma rage girman jikin. Abin da aka riƙe shi ne sassaƙaƙƙiyar fuska da baya, da siffofin A da F. Wato an zubar da kashi biyu cikin uku na gwajin, kuma mandolin ɗin da ya fito daga wannan gyara ya fi na hannun Gibson ƙarko da amo.

Kamfanin ya yi dabarar kasuwanci mai ƙarfi. Ya mayar da malaman kiɗa wakilansa, su kuma suka kafa ƙungiyoyin makaɗan mandolin a garuruwa da makarantu. Domin waɗannan ƙungiyoyi aka cika dangin bisa tsarin dangin goge: mandola mai ɗan kaurin murya, da mandosalo wanda ya fi ta, da kuma mandobas, babbansu duka, wanda ya fito wajen 1912. A tallace-tallacensa kamfanin yakan yi wa mandolin mai ƙoƙo ba'a, yana kamanta shi da wani ƙwaron dankali mai zane a baya. A 1917 aka koma sabuwar masana'anta a titin Parsons, inda aka ci gaba da aiki har zuwa 1984 da kamfanin ya tattara ya koma Nashbil.

5.0 Lloyd Loar da Kammala Aron

Gibson ya ari tudun fuska daga goge amma ya tsaya a nan. Wanda ya ƙarasa aron shi ne Lloyd Loar, makaɗi kuma mai nazarin sauti, wanda aka haifa a 1886, ya kuma shiga kamfanin a 1919. A 1922 aka fitar da samfurin F-5 a ƙarƙashin kulawarsa. An maye gurbin ramin nan mai siffar ƙwai da tsagogi biyu masu siffar harafin f, irin na goge. An sa sandunan tokara biyu masu bin tsawon fuska. An ɗaga allon da yatsu ke dannawa ya daina taɓa fuskar. An kuma ƙara tsawon wuya har ya haɗu da ƙoƙo a gaɓa ta 15 maimakon ta 12, wanda hakan ya matso da jaki tsakiyar fuska, inda ta fi kaɗawa. Har ila yau akan ƙwanƙwasa sassan ana sauraren amonsu, ana rage kaurinsu har su kai yadda ake so. A cikin wuyan akwai sandan ƙarfe mai ɗaurewa wanda wani ma'aikacin kamfanin, Thaddeus McHugh, ya ƙirƙiro domin hana wuya lanƙwashewa.

Loar yakan sa hannu da kwanan wata a takardar da ke cikin kowane F-5 da ya duba, daga 1922 zuwa Disamba 1924. Shi ma mai son gwaji ne, domin an ƙera masa wani na kansa mai tsirkiya goma wanda ya haɗa muryar mandolin da ta mandola. Wasu dabarun zamaninsa ba su ɗore ba. Misali, wani ɗan faifan katako da ake ratayawa a ƙarƙashin fuska daga ciki, mai suna Virzi, makaɗa da dama sun sa an cire musu shi daga baya.

Sai dai F-5 ya zo a makare. Kuɗinsa dala 250 ne, ga shi kuma yayin ƙungiyoyin mandolin ya wuce, kiɗan jaz ya shigo, banjo ya karɓe kasuwa. Ba a sayar da shi da yawa ba, kuma a ƙarshen 1924 Loar ya bar kamfanin. Cikin kayan da ya tsara, jitar L-5 ce ta fara samun karɓuwa a hannun makaɗa irin su Eddie Lang da Maybelle Carter, daga gare ta kuma jitar jaz mai sassaƙaƙƙiyar fuska ta yaɗu. Loar ya rasu a 1943, kafin mandolin ɗinsa ya yi suna.

6.0 Makaɗin da Ya Gano Amfaninsa

An tsara F-5 ne domin kiɗan zaure irin na Turai, amma wanda ya fito da shi ɗan karkara ne daga jihar Kentaki, Bill Monroe, wanda aka haifa a 1911. A cikin shekarun 1940 ya ga wani tsohon F-5 an sa shi kasuwa a shagon wani wanzami a jihar Fulorida, ya saya a kan dala 150. Takardar cikinsa na ɗauke da sa hannun Loar na ranar 9 ga Yuli, 1923. Amonsa mai kaifi da saurin yankewa ya dace da ƙungiyar da babu mai ganga a cikinta, domin Monroe kan daki tsirkiyoyin ya kashe sautin nan take, ya riƙe wa sauran makaɗa taki. Da Lester Flatt da Earl Scruggs suka haɗu a ƙungiyarsa a ƙarshen 1945, sai salon kiɗan da ake kira bulugiras ya tsaya da ƙafafunsa, F-5 kuma ya zama abin da duk mai wannan kiɗa ke nema.

A watan Nuwamba na 1985 wani ya shiga gidan Monroe ya farfasa wannan mandolin da ƙarfen tonon wuta. Charlie Derrington, wani ma'aikacin kamfanin Gibson, ya tattara ɗaruruwan gutsattsarin ya mayar da su wurarensu, Monroe ya ci gaba da kaɗa shi. Bayan rasuwarsa a 1996 an ajiye shi a gidan tarihin kiɗan karkara da ke Nashbil.

Da yake waɗanda Loar ya sa wa hannu 'yan ɗaruruwa ne kawai, masu nema kuma sun yi yawa, sai sana'ar ta sake komawa hannun ɗaiɗaikun masassaƙa. Daga shekarun 1970 mutane irin su John Monteleone a jihar Niyok da Stephen Gilchrist a Ostireliya suka shiga auna tsofaffin F-5 suna sassaƙa irinsu, Monteleone ma ya wuce kwaikwayo ya fitar da tasa siffar. Aikin da ya fara a ɗakin mutum guda ya sake dawowa irin wannan ɗaki bayan kimanin shekara saba'in.

7.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata za a ga cewa mandolin mai sassaƙaƙƙiyar fuska ya ratsa matakai huɗu. Orville Gibson ya karya tsarin gado da hannunsa tsakanin 1894 da 1902, bisa wani ra'ayi game da katako wanda ba dukkansa ne ya tabbata ba. Kamfanin da ya ɗauki sunansa ya zubar da gefe da wuya na dunƙule guda da kuma rarakakken wuya, ya riƙe tudun fuska da baya. Lloyd Loar ya ƙarasa aro daga goge a 1922, a lokacin da kasuwa ta riga ta juya baya. Bill Monroe kuma ya sama wa abin aikin da masu tsara shi ba su yi tunaninsa ba.

Abin da wannan tarihi ke nunawa shi ne ba a auna gwajin masassaƙi da cikar dukkan zatonsa. Da Gibson bai yi imani da cewa lanƙwasa katako illa ba ce, da wuya ya kai ga sassaƙa fuska da baya, alhali wannan imani shi ne ɓangaren da aiki ya ƙaryata. Haka kuma tarihin ya nuna yadda suna ke rabuwa da mai shi. Sunan Gibson ya shiga duniya a kan dubban kayan kiɗan da bai taɓa gani ba, shi kuwa abin da ya samu bai wuce dala 2,500 da ɗan alawus ba, aka binne shi a garin Malone, kusa da inda aka haife shi.